Injin Fatsar Jatau

Tun da aka sako Jatau daga daji bai ƙara ambaton ruwa ba sai na alwala. A ƙauyensu na bakin Gulbin Bunsuru, can ƙasar Zurmi, in ya wurga birgi, komar nan ta jifa, har masu wanki sukan tsaya kallo. Yanzu shi ne yake wuni a kan tabarma a wani gidan haya a Ƙaura Namoda, inuwar katanga ta matsa ya matsa. Masu garkuwa sun ɗaure shi ta baya, ɗaurin da bai bar jini ya zaga ba, har hannunsa na hagu ya shanye. Hannun yana nan da yatsunsa cif, amma ko cokali ba ya riƙewa. Birgi kuwa ba a jifansa da hannu ɗaya.

Matarsa Gimbiya ita ta ɗauki gidan. Kullum da la'asar takan kafa kasko a ƙofar gida ta soya kifin kwali, irin mai ƙanƙarar nan da ake kawowa daga kudu. Matar masunci da kifin kwali, ai abin kunya ne, amma ta haɗiye. Tuwo dai ba ya yankewa. Abin da yake cinta shi ne mijin. Ba ya faɗa, ba ya dariya, tuwon ma sai ya taɓa gefe ya ture. Ta ga maza da yawa cikin waɗanda suka gudo tare da su, ba ciwo ba komai, zama kawai ya cinye su har aka kai su makwanci. Tsoro take ji ƙwarai kada Jatau ya bi su.

Ana nan sai ga Armiya'u, ƙanin Jatau, direban babbar mota mai kai shanu Legas. Armiya'u mutumin kirki ne, sai dai alherinsa rabi-rabi yake zuwa, irin wanda zai kawo maka turmi ya mance taɓarya. Ya shigo da wata siririyar sanda baƙa mai gaɓa biyu, da 'yan zobba a jikinta, ya haɗa ta a tsakar gida yana ta washe baki.

"Yaya, ga fatsar da masuntan can ka aiki da ita. Babu jifa, babu wahala. Wani inji aka ɗaura mata nan ga gindi, shi ka jawo kihi har gabanka."

Jatau ya dubi sandar sama da ƙasa, ya ce, "Jingine ta can."

Amma Gimbiya ta ga idonsa. Ya daɗe a kan sandar fiye da yadda ya daɗe a kan komai tun dawowarsa. Da Armiya'u zai fita ta tare shi a zaure.

"To, mai rabin aiki, ina injin?"

Ya sosa ƙeya. "Matar yaya, wallahi sandar ɗai anka ba ni. Amma akwai wani Sirajo kasuwar Shinkafi, mai gwanjon Kwatano, na taɓa ganin irinsu wurinai. In na dawo in sawo."

In na dawo na Armiya'u kuwa yana iya kaiwa kaka. Ga damina ta yi tsakiya, gulbi ya kawo, kifi ya hau. Gimbiya ta riƙe magana ɗaya a ranta, wai inji shi yake jawo kifi. Ashe ke nan mai hannu ɗaya ma zai iya.

Sai dai akwai wani abu. A gidan su Jatau, tun kaka da kakanni, mace ba ta taɓa kayan kamun kifi. Ba ta ɗaga koma, ba ta kwance ƙugiya, in an shanya taru a tsakar gida zagayawa take yi ko da tukunya ce a kanta tana ƙuna. Sun ce hannun mace in ya taɓa, kifi ya ƙi kayan ke nan har abada. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa camfi ne, masuntan su gyaɗa kai, su koma gida su ci gaba da abinsu. Gimbiya ta haifi 'ya'ya ta aurar a gidan nan ba ta taɓa sa yatsa a kan zaren mijinta ba. Ta ce a ranta, ai saye ba taɓawa ba ne. Mai shago ya zaɓa, ya ƙunshe a leda, ita ɗauka kawai za ta yi.

Ranar kasuwa ta ce wa Jatau za ta je barkar haihuwa wurin 'yar gwaggonta. Ƙarya ce, kuma ta ji ɗacinta a baki. Hanyar Shinkafi hanya ce da ta yi rantsuwa ba za ta sake bi ba. Mota tana barin gari hira ta mutu. Kowa ya zuba wa daji ido, leɓɓa suna motsi. Gonaki ne dama da hagu waɗanda ba a noma ba, ciyawa ta kai ƙirji. Wani babur ya ɓullo daga wata 'yar hanya, wata tsohuwa a gefenta ta damƙe mata gwiwa da ƙarfi, ashe mai itace ne. Har suka sauka a tasha tsohuwar ba ta sake ta ba.

Shagon Sirajo kamar an kwashe ɗakin wani Bature an zazzage. Tsofaffin fitilu, dutsen guga, takalman ƙwallo wari-wari. Shi kansa dogo ne mai sanyin magana. Da ta faɗi abin da take nema ya dube ta da mamaki, ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin tebur, injinan fatsa a ciki kamar 'yan kunkuru.

"Inna, sandar doguwa ta ko gajera? Wane irin kihi za a kamu?"

"Ta ɗara ni tsawo. Tarwaɗa da ragon ruwa."

Ya ware manya da ƙanana, ya bar biyu. Ɗaya sabo ne fil a kwalinsa, yana ƙyalli kamar kwallar amarya. Ɗayan tsoho ne mai nauyi, fentinsa duk ya goge. Idon Gimbiya ya tafi ga mai ƙyallin.

"Ba ni wanga. Ƙunshe min shi."

"Tsaya tukun. Abin ga ba a zaɓenai da ido, sai da hannu. Murɗa ki ji."

Ta janye hannunta cikin hijabi. "Kai dai zaɓa."

"Ni ɗan kasuwa ne, Inna. In kin bar min zaɓi, wanda nika son rabuwa da shi za ni ba ki. In na ƙwarai kika so, murɗa."

Ta tsaya. Ta shigo hanyar da ake mutuwa a kanta don abin nan, in ta koma da na banza ya karye a kamun farko, ta san Jatau ba zai sake kallon ruwa ba. Ta waiga, ba wanda ya san ta a layin. Ta yi bisimilla ta fito da hannu.

Sirajo ya riƙe mata mai ƙyallin gam, ta kama mariƙin ta murɗa. Yana girgiɗi, kuma can ciki tana jin wani ƙasa-ƙasa kamar an niƙa gero da tsakuwa. Ya riƙe mata tsohon. Wannan kam tana taɓawa ya tafi sumul, babu ƙara, babu tsayawa, har ta saki mariƙin ya ƙara zagaye da kansa. Sirajo ya ƙwanƙwasa jikinsa da farce ya ce ƙarfe ne, wancan roba ce aka yi wa fenti. Ya ja zaren da ƙarfi ya nuna mata yadda yake saki a hankali in babban kifi ya fizga, don kada zaren ya tsinke. Gimbiya ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba, har ta mance da kunya ta sake murɗawa.

"Mai sandar bahago ne ko badame? Mariƙin ana maishe shi kowane ɓarayi."

A nan ne ya kamata ta faɗa masa gaskiya. Amma wace mace ce za ta tsaya tsakiyar kasuwa ta gaya wa baƙo cewa mijinta ya nakasa? Ta ce, "Sa mishi ga dama." Ya sa, ya naɗa mata zare, ya ƙunshe.

Bayan kwana biyu ta ajiye ledar a gefen tabarmar Jatau, ta ce Armiya'u ne ya aiko wani direba da ita. Jatau ya zazzage injin a cinyarsa, ya juya shi, ya auna nauyinsa. Sannan ya kai shi hanci. Mai suyar kifi ko ta wanke hannu da sabulun duniya, man yana nan.

"Ashe Armiya'u ya kama suyar kihi," in ji shi.

Ko kallonta bai yi ba. Ya tura injin ƙarƙashin tabarma ya juya wa tsakar gida baya. Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Ranar ko gefen tuwon bai taɓa ba, washegari ma haka. Gimbiya ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi ƙarya, ta karya dokar gidansu, kuma ga shi ta ƙara tura shi cikin ramin da take son ciro shi.

Wata safiya ta dawo daga niƙa ta tarar tabarma babu kowa, sandar ma babu ita a lungu. A ƙasa ga guntayen zare da aka datse da haƙori. Ta ɗebi wasu tsummoki ta zuba a roba kamar mai zuwa wanki, ta nufi Gulbin Gagare.

Tun daga nesa ta hango shi, ya naɗe wando ya shiga ruwa zuwa gwiwa, hannun hagu yana lilo a gefe. Can sama 'yan acaɓa suna wanke babura, ga masu ɗibar yashi da jakunansu. Ta tsuguna bayan wani dutse ta jiƙa tsumma. Ta ga yadda ya karanci ruwan, ya matsa inda yake juyawa a gindin wani kututture, ya lilla sandar ya saki ƙugiya daidai wurin. Tsayuwarsa ma ta canza, wuyan nan da ya daɗe a karye ya miƙe. Hawaye suka cika mata ido, ta yi ta hamdala a ranta.

Ba a jima ba kan sandar ya lanƙwashe, zare ya fara fita. Jatau ya ɗaga sandar da dama, ya kai ido ga mariƙin, ya tsaya.

Sai a lokacin Gimbiya ta gane. Inji ba ya jawo komai da kansa. Hannu ɗaya yana riƙe sanda, ɗaya yana murɗawa. A kasuwa Sirajo ne yake riƙe mata, shi ya sa ba ta lura ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Jatau ya cusa gindin sandar a hammatar hagu, ta sulluɓe. Ya matse ta tsakanin cinyoyi ya kai hannu ga mariƙin, kifin ya fizga, ya yi taga-taga ya durƙusa a ruwa. Ya tashi jiƙe sharkaf, ya kai baki zai murɗa da haƙori. 'Yan acaɓa suka bar wanki suka matso. Wani ya yi dariya, wani ya ce, "Baba, a kama maka?"

"Kada wanda ya matso!" Muryar da ta fito wa Jatau, Gimbiya ba ta taɓa jin irinta ba.

Gimbiya ba ta san lokacin da ta yar da tsumman ba. Ta shiga ruwan da zaninta, ta zagaya ta damansa, ta ɗora hannu a kan mariƙin.

"Gimbiya, mutane na kallo," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Su kalla. Riƙe dai, maigida."

Ya sassauta riƙo, har ta ɗauka zai saki sandar ya bar wa gulbi. Can ya ce, "Ba yanzu ba. Bari shi gaji." Ya ɗaga sandar a hankali, ya sauke. "Murɗa. Tsaya. Murɗa."

Haka suka yi ta yi, yana faɗa tana bi, har tarwaɗar ta fito bakin yashi tana buga jela, baƙa ƙirin, ta kai tsawon damtse. Babu wanda ya yi shewa. Masu yashi suka kau da kai, 'yan acaɓa suka koma ga baburansu suna magana a hankali. Jatau ya daɗe yana kallon kifin, ruwa yana zuba daga gemunsa, ba ta iya bambance na gulbi da na ido ba.

A hanyar gida yana gaba da sanda, tana baya da kifi a roba. Labari ya riga su isowa, don ta ga matan layinsu suna leƙowa. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe," ya ce. "Gobe in kin ƙare aikinki, ki kai ni."

Ki kai ni, haka ya ce, shi da a da jirgi guda yake cikawa da kifi shi kaɗai. Gimbiya ta amsa da to, ta wuce madafa ta ajiye robar. Ta samu abin da ta roƙa, mijinta zai koma ruwa, amma kalmar nan ta soke ta har cikin rai. Ta toshe baki da gefen hijabi don kada ya ji, ta yi kuka mai isarta, sannan ta jawo wuƙa ta fara gyaran kifin.