Hatimin Kam Fatt

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da shagon maganin gargajiya na babanmu a garin Taiping, sai ranar Talatar nan aka gaya mini wai ban taɓa ba kowa magani ba.

Izinin tsira siraran allurai a jiki irin na maganin gargajiyarmu ina da shi, don na yi kwas na ci jarrabawa. Izinin haɗa saiwoyi da ganyaye ne ya gagara. Sabuwar doka ta ce daga wannan watan ba mai auna wa kowa magani sai da shaidar makaranta, ko shaidar ya daɗe yana aikin. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na cika kwali huɗu da kwafin takardun da na rubuta wa marasa lafiya, na kai ofishin rajista.

Jami'ar, Puan Rosmawati, mace ce mai kirki, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ɗora yatsa a kan jan hatimin da ke ƙasan takarda.

"Anti, wane ne Loke Kam Fatt?"

"Ƙanena."

"To ai takardun nan nasa ne."

"Rubutuna ne! Kam Fatt taya yake sayarwa. Ko citta da kurkum bai iya bambancewa ba."

A gidanmu sana'a ba ta bin mace, wai za ta kai ta gidan wani. Baba ya koya mini jin bugun jini ne don ni kaɗai nake zama in saurara. Da hannunsa ya fara rawa, sunan ɗansa ya sa aka sassaƙa a hatimi. Ni kuwa na yi ta buga shi da hannuna, ban taɓa ganin aibun abin ba.

Puan Rosmawati ta ce hanya ɗaya ce, Kam Fatt ya rantse a rubuce cewa ni na yi aikin.

Na same shi a garejinsa yana cin taliya a kan tsohuwar taya. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye tsinken cin abincin.

"Wato in je in rantse cewa Baba ya yaudari gari? Da wace fuska zan kunna masa turare ranar da muke share kabarin iyaye duk shekara?"

"Ni fa da wace fuska zan rufe shagonsa?"

"Haba Yaya, kin cika wahalar da kanki. Tunda takardun sun wadatar, ni sai in nemi izinin. A rataya a bango, ki ci gaba da aikinki. Me ya canja?"

"In wani ya miƙo maka hannu ka ji bugun jininsa fa, likita?"

"Sai in ce ya jira Yayata."

Ya yi dariya. Ni kuwa na fita ko sallama babu.

Washegari tsohuwa Ooi ta zo, wadda na shekara ashirin ina kula da tarinta. Na ɗora yatsu uku a wuyan hannunta. Kafin in ɗaga na san abu bakwai da take bukata, na san aljihun kabad ɗin da kowanne yake. Na tsira mata allurai, na zare, na ce yau ba magani, ba ni da izini.

"Ke dama ai ba ki da shi," in ji ta, tana gyara rigarta. "Shiga ɗakin bayan nan ki buga wa ƙanen naki waya yadda kika saba."

"Rubutu nake shiga yi, Anti."

"Na sani mana, rubuta abin da ya faɗa miki. Ki gaishe shi, 'yar nan. Ki ce masa ya gaji hannun ubansa."