Ranar da Alhaji Labaran Ya Shiga Coci

Alhaji Labaran ya daɗe a Sabo ta Ibadan yana harkar goro. Maigidan fatake ne. Baƙi daga arewa su sauka a gidansa, ya haɗa su da Yarabawa masu goro, a ɗaure huhu, a loda a mota. Ƙanensa Mijinyawa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana can Gusau, shi ke karɓar kayan ya rarraba wa 'yan kasuwa. Tsakaninsu kuwa akwai Anozie, wani direba Ibo mai babbar mota mai bodin katako, wanda ya ajiye iyalinsa a Gusau ya mai da hanya gida.

Abin da ke hana Alhaji barci shi ne babban ɗansa Maharazu. Haifaffen Ibadan ne, Yarabanci ya fi Hausa gudu a bakinsa. Ya gama makarantar boko ta farko ya tsaya, ya ce warin goro na sa shi ciwon kai. Wuni yake a shataletalen Mokola da tsaransa, yau dambe, gobe caca, jibi a je karɓo shi wajen 'yan sanda. Amma da daminar shekarar 1966 ta sauka sai yaro ya canza. Ya tashi da wuri ya fice, ya dawo da garin katako a sumarsa, ya ci abinci ya kwanta. Alhaji ya ce Allah ya karɓi addu'a, bai tona ba.

Farkon watan Oktoba gari ya yi nauyi. Jaridun Yarabawa da rediyo suna ta cewa ana kashe Ibo a garuruwan arewa. Wasu mutanen Sabo sun fara ɗaure kaya don tsoron ramuwa. Alhaji Labaran kuwa duk wanda ya kawo masa zancen sai ya ce, "Ƙari ne. An yi rigima, an fasa shaguna, shi ke nan. Mun san mutanenmu." Motar Anozie ta wuce lokacin dawowarta, amma ya ɗora laifin a kan hanya.

Wata ranar Talata, bayan sallar azahar, Gwadabe dillalin shanu ya ja shi gefe a bakin masallaci.

"Alhaji, ka san inda ɗanka yake wuni?"

"Wajen wani kafinta, in ji uwarsa."

"Kafintan coci ne. Akwai wani Bayarabe can bayan Mokola, ya buɗe rumfa a harabar cocinsu, yana tara yaran da ba su da aikin yi. Ya koya musu sassaƙa, da yamma su buga ƙwallo, ya ba su dafa-duka. Yaranmu na Sabo sun kai rabin rumfar. Da idona na ga Maharazu ɗazu, ya shiga ba rumfar ba, cikin ginin cocin kansa, ɗauke da bokiti."

Alhaji ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi da ke sahun gaba a wazifa, ɗansa a coci? Ko gida bai biya ba. Ya tattare babbar rigarsa ya nufi Mokola a ƙasa, yana tafe yana shirya abin da zai gaya wa mutumin.

Da ya iso ƙofar harabar, abin da ya fara gani shi ya tsayar da shi. Motar Anozie ce a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Gilashin gaba ya tarwatse, ƙofar direba ta lotsa, jikin katakon kuma duk saran adda. Babu huhun komai a ciki, sai tsummokara da takalmin yaro guda ɗaya, ƙudaje na bin su.

Wani dattijo gajere mai furfura ya fito daga rumfar, da fensir a bayan kunne, ya rusuna.

"E kabo, sannu da zuwa, Alhaji. Ni ne Oyewole. Na yi aikin reluwe a Zariya, ina jin Hausa kaɗan-kaɗan. Kai ne baban Maharazu. Kamanninku ɗaya."

"Ina ɗana?"

"Yana ciki. Alhaji, ni ban taɓa shigar da yaranku ɗakin ibadarmu ba. Rumfa ce iyakarsu, lokacin salla ma ni ke korarsu su je su yi. Amma yau na roƙe su, don ba mu da wanda zai yi mana."

"Zai yi muku me?"

Oyewole ya juya. Ya yi gaba, ya tura ƙofa.

Alhaji Labaran bai taɓa taka coci ba a rayuwarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, wani wari ya doke shi, na jini da magani da gumin mutanen da suka kwana a hanya. An ture bencina jikin bango. Ƙasa cike take da mutane a kan tabarmi da buhunan garin rogo, mata da yara sun fi yawa. Wata mata na kwance an naɗe mata kai, idonta ɗaya kaɗai ake gani. Wani saurayi yana zaune yana kallon inda yatsunsa suke a da. Matan coci suna zagawa da ruwan zafi da auduga.

Sai ya ji wani yaro yana kuka da Hausa.

"Ni gida za ni! Ku kai ni wajen innata!"

Hausa ce tsantsa, irin ta Zamfara, wadda ko 'ya'yan Alhaji ba su iya ba. Ya waiga ko'ina, ya ji wani ma yana neman ruwa da Hausa, wata yarinya tana cewa ƙafarta ce ke ciwo.

"Ka gani," in ji Oyewole a hankali. "A can aka haife su. Ba sa jin Yarabanci, Turanci ma kaɗan ne. Wasu iyayensu ba su iso ba. Mai magani ta tambaye su ina ke ciwo, ba mai fassara. Sai yaranku."

Can ya hango Maharazu durƙushe gaban wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, yana riƙe da hannunta ana wanke mata rauni a gwiwa. Yana ce mata, "Yi haƙuri, Ladi, saura kaɗan," sannan ya juya ya yi wa mai maganin bayani da Yarabanci. Ya ɗaga kai ya ga ubansa. Ya miƙe ya zo ya durƙusa.

"Baba..."

Alhaji ya buɗe baki, bai sami ko ɗaya daga maganganun da ya shiryo ba.

"Baba, Anozie yana can lungu. Tun safe yake cewa a kira ka. Ni ne na kasa zuwa."

"Don me ka kasa?"

Maharazu ya sunkuyar da kai, ya nuna masa lungun.

Anozie yana jingine da bango, hannunsa na dama a rataye da zane. Mutum ne ƙato mai dariya, wanda in ya shigo Sabo tun daga bakin titi ake jin muryarsa yana tsokanar 'yan dako. Yanzu ya zabge, leɓɓansa sun tsage. Alhaji ya tsuguna a gabansa.

"Anozie. Sannu. Sannu. Ina mai ɗakin naka?"

"Ba ta zo ba, Maigida. Ita da babban yaron. Ladi kaɗai na fito da ita."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe gaskiya ne."

"Gaskiya ne."

"Amma ina Mijinyawa yake aka yi muku haka? Ba ka je wajensa ba? Wallahi da ka je wajensa..."

"Na je, Maigida."

Anozie ya gyara zama. Sannan ya soma magana, idonsa a ƙasa.

"Da abin ya tashi ina tasha. Na ruga gida na tarar an riga ni. Ladi na samu a ƙarƙashin gado. Na ɗauke ta na yi gidan Malam Mijinyawa, don ban san wani wuri ba. Na tarar ba ni kaɗai ba ne. Ya buɗe ɗakin ajiyar goro ya zuba mutane, teloli, masu shago, matansu, duk wanda ya ƙwanƙwasa. Ya jera huhuna a bakin ƙofa. Matarsa ke miƙo mana fura ta taga. Da gari ya waye wani ya tona. Suka zo da yawa, Maigida, da yawa. Wasu baƙi ne, wasu kuma na san fuskarsu, na sha ɗaukarsu a mota."

"To sai me?"

"Ya fita ya tsaya a ƙofar zaure. Muna jinsa. Ya ce waɗannan baƙinsa ne, amana ce a hannunsa, ba wanda zai shiga sai ta kansa. Ya yi musu wa'azi, ya kira wasu da sunan iyayensu. Yana ta jan su da magana, matarsa kuma tana fitar da mu ta katangar baya zuwa inda na ɓoye mota. Ni ne na ƙarshe. Ina kan katanga na waiga."

Alhaji ya kama gwiwar Anozie.

"Ka waiga ka ga me?"

"Ta kansa suka shiga, Maigida."

Alhaji Labaran ya zauna daɓas a ƙasan coci. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Yana kallon bakin Anozie kamar yana jiran ya gyara maganar. Mijinyawa da ya goya a bayansa suna yara. Mijinyawa da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci.

"Wa ya yi? Ibo ne suka..."

"A'a, Maigida."

"Mutanenmu?"

Anozie ya gyaɗa kai.

"Ka tabbata ya cika? Ko dai rauni ne?"

"Na so a ce rauni ne."

Wata tsohuwa da ke kwance kusa ta ɗago da ƙyar ta tambayi Anozie wani abu da harshensu. Ya ba ta amsa. Ta ja jiki ta matso, ta kama gefen rigar Alhaji ta ɗora a goshinta tana kuka. Magana ta zaga ɗakin. Masu iya tashi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani ya taɓa kafaɗarsa, wata ta durƙusa ta ce da Hausa, "Allah ya ji ƙan Malam." Shi kuwa Alhaji yana zaune kamar dutse. Oyewole ya kawo ruwa a kofi ya ce, "E pele, Alhaji," wato sannu da Yarabanci, ya ajiye a gefensa. Alhaji bai taɓa ba.

Maharazu ne ya ɗaga shi. Suka fito, rana ta yi sanyi, masu tallan lemo suna ta ciniki a shataletale kamar ba abin da ya faru a duniya. Sai da suka kusa shiga Sabo Alhaji ya tsaya.

"Koma," ya ce.

"Baba, in kai ka gida tukuna."

"Na san hanyar gidana. Yarinyar nan ba ta da mai ji mata magana. Koma. Zan ce wa uwarka ta ɗora babbar tukunya, ku zo ku ɗauka."

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Labaran. Sabo kaf ta zo ta'aziyya, kuma duk wanda ya tambayi yadda aka yi, Alhaji ya gaya masa yadda aka yi, bai rage ba. Wasu suka yi salati suka zubar da hawaye. Wasu suka tashi da wuri. Wani bafatake ya ce maganar direba ce kawai, a jira tabbaci. Alhaji ya dube shi ya ce ya je Mokola ya leƙa, ƙofa a buɗe take. Bafataken bai je ba.

Da la'asar Oyewole ya iso da wasu dattawan coci biyu, suka tsaya nesa da tabarmi, ba su san ko za a karɓe su ba. Gwadabe ya fara gyaran murya. Alhaji ya matsa da kansa ya nuna musu gefensa. Suka tuɓe takalma suka zauna, aka shafa fatiha suna sunkuye da kai.

Kafin mako ya zagayo, yaran rumfar suka toshe ɓarakar motar da sabon katako, aka samu wani direba ya ja ta, don hannun Anozie bai ƙara riƙe sitiyari ba. Waɗanda suka iya zama aka ɗora su suka yi gabas ta hanyar Benin. Ladi ta ƙi sakin rigar Maharazu sai da ubanta ya ɓamɓare yatsunta.

Da hanya ta lafa Alhaji ya tafi Gusau. Ya tarar maƙwabta sun binne ƙanensa a ranar, ba wanda ya yarda ya faɗi sunan kowa. Ya kwaso matar da 'ya'yanta ya dawo da su Sabo, ya ba su sashen da fatake ke sauka. Shekara na juyowa yaƙin basasa ya ɓarke, hanyar gabas ta rufe. Bayan an gama, Alhaji ya yi ta tambayar duk direban da ya fito daga can ko ya san wani Anozie mai shanyayyen hannu da 'yarsa. Ba a samu wanda ya san su ba.