Robar Ɗalhatu da Haƙorin Hajiya Rabi'a

Labari ne na samo mai zafi: haƙorin Makkan da Hajiya Rabi'a take haska mu da shi, ashe a Gusau aka sa mata. Mu biyu muka ji, ni da Inno maƙwabciyata, wadda bakinta ya fi nawa sauri. Ga suna a Tsafe gobe Asabar, duk dangi za su hallara. Wadda ta riga isa, ita ke da labari.

Matsalar ɗaya ce. Motar jikana Tajuddeen tana garejin Ɗalhatu nan Bunguɗu, an sauke giyarta ana canza wani ƙarfe mai kama da kabewa, wai shi kwambata. Na ɗauki mayafi na bi sawu.

"Inna, an sa sabon," in ji Ɗalhatu. "Saura sil da gasket, sai gobe za a kawo daga Gusau."

Ya nuna mini sil ɗin. Wata 'yar baƙar roba ce kamar awarwaro. Gasket kuwa falle ne, bai kai kaurin fatar ganga ba.

"Don wagga 'yar roba za ka hana ni suna? Mai da tsohuwar!"

"Ta bushe. In an buɗe giya ba a mai da tsohuwa, mai zai zuba."

"Ni ma na bushe, an yar da ni?"

Tajuddeen ya ce, "Amarya, ki bar makanike ya yi aikinsa."

"Rufe mini baki, mijin banza mai mota a kwance."

Na matsa kusa da Ɗalhatu, na tambaye shi ko matarsa ta san gidan da yake cin tuwo kafin ya koma ya ce mata ba ya jin yunwa. Ya shafa wa tsohuwar roba mai, ya mai da ita.

Da safe muka wuce Gusau lafiya, ina ta gwada yadda zan fara: in yi tari tukuna, ko in tambayi Rabi'a yaya zafin Madina. Dab da Kwatarkwashi mota ta hau kuka, ba ta gaba. Tajuddeen ya gangara gefe. Ni da ba a ɓoye mini abu, na durƙusa na cusa kai ƙarƙashi in gani da idona. Man giya ja ne wur, ban sani ba sai da ya wanke mini mayafi da wuya.

Daidai nan bas ta wuce. Inno ce a taga.

Kafin mai gyara ya zo mu sami wata mota, la'asar ta yi. Ina sallama gidan suna mata suka watse da salati. Inno ta gaya musu ta gan ni kwance ƙarƙashin mota cikin jini, har da cewa ƙafata ɗaya tana can gefe. Da ni ce ma haka zan ƙara.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce Hajiya Rabi'a. Ta rungume ni, ta wanke mini wuya da hannunta, ta yafa mini mayafinta sabo. Tana dariya tana hawaye, haƙorin yana walƙiya dab da hancina.

Na buɗe baki, na rufe.

"Hajiya," na ce, "haƙorin nan yana miki kyau."

Har yau labarin yana cikina kamar ƙwarnafi. Ɗalhatu kuwa da ya sake sauke giyar, ya aiko mini da tsohuwar robar, wai in sa a hannu.