Allurar da ke Firjin Ɗakin Baya

Allurar Baba tana cikin firjin ɗakin baya, a kantin maganin da nake aikin karɓar kuɗi. Ni nake goge ƙofar firjin kowace safiya, amma ban isa in sayi kwalba ɗaya ba.

Doka ta ce kuɗinmu da kuɗin waje duka a karɓa, gwamnati kuma ta yanke farashin canji. A bakin titi kuwa takardar waje ta ninka wannan farashin nesa ba kusa ba, saboda haka duk mai ita ya ɓoye. Namu ne kawai ke yawo, sun yi laushi kamar tsumma, in ka kwana da su ka tashi sun rame. Maganin kirki ma ya bar kanta ya koma ɗakin baya. Mai kanti ba ya fito da shi sai ya ga takardar waje.

Baba yana da ciwon suga, ga gyambo a ƙafarsa ta dama ya ƙi rufewa. Likita ya ce in ba a koma allura ba, ƙafar za ta tafi.

Yayana da ke aiki a waje yana aiko kuɗin allurar ta asusun Baffa, ƙanin Baba. Baffa sai ya riƙe na wajen, ya kawo mana namu a farashin gwamnati, cikin leda, ya dire gaban Baba kamar kyauta. Na faɗa wa Yaya a waya, ya ce kada in haɗa shi faɗa da ƙanin ubansa. Sai na tafi da kaina.

Na tarar da Baffa a falo, ya miƙe ƙafafu biyu lafiyayyu a kan tebur.

"Baffa, takardun da Yaya ya aiko nake so. Su ɗin, ba madadinsu ba."

"Ikon Allah! 'Yar boko ta zo bincike. Na rage muku ko sisi?"

"Ba su sayen allura."

"Doka ta ce daidai suke."

"To tunda daidai suke, Baffa, ga ledarka, ba ni nasu."

Ya yi dariya har da tari. "Ke da digirinki ba ki san ba a kashe irin wannan ba? Ajiye shi ake yi. Gaishe min da babanki."

Ban durƙusa ba da zan fita. Har yau ana faɗa a dangi.

Ana nan wani direban babbar mota ya shigo kanti da rana, yana sauri, ba shi da namu. Ya biya maganin mura da takardar waje, na ba shi canji a farashin gwamnati, ya fice. Al'adar kantin, in irin wannan ta shigo, mai kanti ya zare ta daga durowa ya mayar da namu a gurbinta. Ranar na riga shi. Na zuba albashina a durowa, na ɗauki takardar, na shiga ɗakin baya na ajiye ta a gabansa.

"Yallaɓai, allurar suga. Kwalba ɗaya."

Ya ɗaga ta ya duba a hasken taga. "A ina kika samu?"

"Na canza. Yadda kake yi."

"A durowata?"

"Kanti bai yi asarar komai ba. Doka ta ce daidai suke."

"Malama mai digiri," ya ce, yana ninke ta yana sawa a aljihun gaba, "abin da ya shiga durowata nawa ne. Ki kwashe tsummokaran kuɗinki daga ciki. In kin kawo wata daga gidanku, ga firji nan."

Ya kuma ce in goge ƙofar firjin kafin in tashi, wai ta yi shatin yatsu. Na goge. Ban yi kuka a gabansa ba, ban kuma ajiye aikin ba, domin albashin ne ke sayen bandeji.

Daga ƙasan gwiwa aka yanke ƙafar. Baffa ya zo asibiti da babbar leda ta namu, ya biya kuɗin aikin a gaban jama'a, ana ta sa masa albarka. Inna ta taɓa ni ta ce in yi godiya. Na kalli bango.

Sai bayan nan Yaya ya aiko ta hannun wani abokinsa, takardu sababbi, aka danƙa min a hannu. Na nuna wa Baba a gado. Ya shafa su da yatsa, ya rage murya.

"Uwata, ɓoye su. Ba a kashe irin wannan."

"Baba, saura ƙafa ɗaya."

Washegari na shiga kanti ta ƙofar masu saye, na tsaya a gaban kanta, na ajiye takarda.

"Allurar suga. Ka ɗauko da kanka."

Ya ɗauko da kansa, har da sa min ƙanƙara a leda. Sannan ya ja durowa ya miƙo min canji, namu, masu laushi, ɗaya ma an liƙe ta da salatif.

Na karɓa. Na kai wa Baba allurarsa, na dawo na zauna a kujerata kafin layi ya taru.