Abin da Nake Kallo a Ƙasa

Sau biyu aka yi mini intabiyu ta bidiyo don aikin rubuta manhaja, duka biyun aka ce za a neme ni, kuma har yau ana kan nemana. Abin ya yi mini ciwo, don na san na amsa tambayoyinsu daidai. Da wani kamfani a Abuja ya kira ni na uku, sai na yanke wa kaina hukunci: in wannan ma ta faɗi, zan naɗe kwamfuta in bi yayana Zubair kasuwar hatsi ta Ɗambatta.

Ranar Talata da hantsi na shimfiɗa tabarma a zauren Baba, don duk gidanmu nan kaɗai sabis yake yarda ya zauna. Baba ya sallami masu ɗaukar karatu da wuri, ya koma gindin darbejiya ya bar mini wurin.

Wata mata ce ta bayyana a fuskar kwamfutar, mai furfura da tabarau, za ta yi sa'ar Inna. Na gaishe ta da Turancina na makaranta, na sunkuyar da kai yadda aka rene mu. A gidanmu ba a kallon babba a ido, wanda ya yi kuwa sunansa marar kunya.

Ta tambaye ni yadda zan gyara manhajar da ke yin nauyi in mutane sun yi mata yawa. Na amsa. Ta kawo wadda ta fi wuya, na warware mata ita tsaf, ina ƙirga saƙar tabarma da ido. Sai na ji ta kira sunana.

"Zaharaddini, me kake karantawa a ƙasa?"

Ta ce amsoshina sun yi kyau, amma tunda aka fara idona yana ƙasa, su kuma ba sa ɗaukar mai satar amsa daga waya. Nan na gane abin da ya kayar da ni sau biyu, haushi ya kama ni har wuya.

Na juya kwamfutar na nuna mata abin da nake kallo: tabarma, buta, da ƙafafuna masu faso. Na ce mata ta girme ni ne, mu ladabinmu ke nan. Ta jima tana jinjina kai. Ta ce ta yarda, sai dai waɗanda zan yi aiki da su ba za su tsaya tambaya ba, zargi kawai za su yi.

"Kalle ni, ka sake bayanin," in ji ta.

Wallahi huɗar gona da galma ta fi sauƙi. Na ɗago kai, gumi yana bin bayana, na yi minti goma ina magana ido cikin ido da sa'ar mahaifiyata. Da na gama ta ce in fara ranar Litinin.

Na fita na durƙusa gaban Baba ina ba shi labari, ashe wuyana bai koma inda ya saba ba. Fuskarsa nake kallo. Idonsa na hagu ya yi fari fat da yana, kuma a gida ɗaya muke kwana shekara ashirin da shida, ban san ranar da ta fara ba.

Ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Na tambaye shi tun yaushe idon ya daina gani, ya ce ai an kwana biyu.