Sunayen da Yakaka ta Tara

Shekara ashirin bayan Nasara sun ci Haɗeja, wani Bature ya sauka a Auyo, wai tarihin ƙasa yake tattarawa. Aka aika a kirawo dattawa.

Yakaka ba ta cikin waɗanda aka kira, don ita mai bandar kifi ce a bakin kogi. Amma ranar yaƙin tana cikin birnin Haɗeja. Da hannunta ta juya gawarwaki a ƙofar gabas har ta gane mijinta Fannami, kuma ita ta yini tana jido wa masu haƙa kabari ruwa. Saboda haka ta janye wutar banda, ta yafa gyale, ta je ta tsuguna a bayan maza.

Malam Abdulwahid, malamin Baturen, shi ya karanta wa dattawa abin da aka riga aka rubuta, don su gaskata. Wai gari ya miƙa wuya bayan ɗan hargitsi, kuma waɗanda suka mutu 'yan tsiraru ne masu taurin kai.

Dattawa suka sunkuyar da kai. Wani ma har da "haka aka yi, ranka ya daɗe."

Yakaka ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ta miƙe.

"Ƙarya ne! Hargitsi? A hargitsi ake rasa masu ɗaukar gawa?"

Bature ya tambayi abin da tsohuwar ke faɗi. Da aka fassara masa, ya yi murmushi, ya ce zancen mata ba ya shiga littafi. Ɗan doka ya kama ta a dantse zai fitar da ita. Ta fizge, ta nuna Abdulwahid da yatsa.

"Kai ɗan nan, ba ɗan Shu'ibu maƙeri ba ne? Kusa da mijina aka binne ubanka. Yau da bakinka kake kiransa mai taurin kai, don an ba ka kujera?"

Abdulwahid ya naɗe takardarsa, ɗan doka ya fitar da Yakaka.

Bayan kwana tara Bature ya yi gaba da littafinsa. Yakaka na gyara tarwaɗa da hantsi sai ga Abdulwahid, da gafaka a kafaɗa. Ya durƙusa.

"Iya, na ajiye aikin. Faɗa min sunayen, in rubuta."

"Sai da ya tafi ka tuna kana da uba?" Ta daɗe tana harararsa, sannan ta tura masa tabarma da ƙafa. "Rubuta. Fannami, mai dukan fata."

Waɗanda ta sani ba su wuce arba'in ba. Sauran suna bakin gwauraye da marayu da suka watsu cikin fadama. Lokacin kuwa kogi ya yi ambaliya, hanya duk ta nutse. Suka shiga kwalekwale, yau wannan tunga, gobe waccan ruga. Duk inda suka sauka tambayarta ɗaya ce: wa ya tafi birni ranar nan bai komo ba? Abdulwahid ya rubuta da ajami, sunan mutum, da na ubansa, da sana'arsa.

Wasu suka yi kuka suka faɗa. Wasu suka kore su, don tsoron kada maganar ta kai bariki. Wani mai unguwa ya ce mata a bar kaza cikin gashinta.

"An fige kazar tun tuni," in ji Yakaka. "Ku kuka riƙe musu ƙafafunta."

Kafin a yanke shinkafa sun cika takardu masu yawa. Abdulwahid ya kwafe su gida uku, aka ba limaman ƙauyuka uku ajiya, don idan ruwa ko gara ta ci ɗaya, biyu su tsira.

Wuri ɗaya suka makara. An ce musu akwai wata tsohuwa, 'Yar'azumi, can wajen garin Baturiya, wadda ta haddace sunayen masuntan yankinsu da suka mutu a yaƙin. Da suka isa, suka tarar ana sadakar ukunta. Jikokinta suka ce kullum takan jera sunayen in tana kaɗi, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurara.

Yakaka ta yi musu gaisuwa, ta ƙi cin tuwonsu. A cikin kwalekwale ta ce wa Abdulwahid ya bar shafi guda fari.

"Me za a sa a ciki, Iya?"

"Ba komai. Duk wanda ya tambaya, ka gaya masa wannan ba Bature ya ɓatar ba. Mu ne."