Zanen Inna Tumba

Cinikin bai ɗauki lokaci ba. Hajiya Ladidi ta ajiye memori a kan teburin Jatau mai hoto, ta ce, "Hoton mahaifiyata ne a ciki, marigayiya Inna Tumba. Shi kaɗai ya rage mana, na takardar gara ta cinye. Ka wanke shi tas, ka buga mini babba kafin Juma'a, ni kuma in ba ka aikin hotunan bikin 'yata gaba ɗaya."

"An gama, Hajjaju," in ji Jatau.

To, manhajar gyaran hoto biyu gare shi. Akwai tsohuwa ta kwamfuta, wadda sai ka bi tabo ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Akwai kuma sabuwa ta waya, taɓawa ɗaya ta goge komai. Ga zazzaɓi tun safe yana sassaƙar gaɓoɓinsa. Ya sa memorin a waya, ya danna, ya kishingiɗa a benci wai kafin ta gama. Ko azahar ba a kira ba idonsa ya rufe.

Sai ga shi a wata kasuwa, kowace rumfa firam ɗin hoto ce rataye a iska, kowa fuskarsa sumul kamar ƙwai. Mahauci da mai goro ba ka bambance su. Wata 'yar farar kibiya, irin ta allon kwamfuta, tana tsalle a gabansa.

"Biyo ni, maigida," ta ce. "Kullum kai ke tura ni, yau ni zan ja ka."

Duk inda ya ɗaga ƙafa sai ƙasar wurin ta goge. Suka ɓulla bakin wani kogi da launuka ke gudu a cikinsa maimakon ruwa. Wani tsohon wanzami na tsugune yana tsamo siraran layuka, yana shanya su a igiya.

"Baba, mene ne waɗannan?"

"Abin da kuke gogewa. Wannan zanen Gobirawa ne, yanzun nan ya faɗo. Taɓa ka ji, da ɗuminsa."

Jatau ya ɗaga kai. A tsakiyar kogin ga wani gida, wata tsohuwa na buga ƙyaure.

"Wace ce?" aka ce daga ciki.

"Tumba ce."

"Juyo mu ga kuncinki." Ta juya musu kuncinta. "A'a, ba tamu ba ce."

Tsohuwar ta waiwayo, ba faɗa ba zagi. "Ɗana, tun ina 'yar kwana bakwai nake ɗauke da shi. Datti ka zata?"

Jatau ya fizgo layukan daga igiya ya liƙa mata, suka zame kamar a kan sabulu. Ya sake, suka sake zamewa. Can sai kibiyar ta kumbura ta cika sama, tana nuna wani rubutu: A MAYE GURBIN NA ASALI? Ga babban yatsansa, ya kai turmi girma, yana saukowa a hankali. Ya riƙe shi da ɗayan hannun, ya yi ihu, yatsan bai tsaya ba.

Firgigit ya tashi, sharkaf da gumi, wayar na ƙarƙashin yatsansa. Ya duba. Fuskar Inna Tumba sumul, ba zane ko ɗaya. Ya laluba memorin ciki da bai, na asali babu.

Ranar Juma'a ya miƙa hoton. Hajiya Ladidi ta daɗe tana kallo, sannan ta tafa hannu.

"Kai, Malam Jatau! Inna ta koma yarinya!"

Ya buɗe baki, ya tuna bikin, ya rufe.

Jatau dai ya samu aikinsa, Hajiya ta samu abin ratayewa a falo. Wadda ta yi asara Inna Tumba ce, don har yau in jikokinta suka shigo, sai sun ɗaga kai sun tambaya, "Hajiya, wai wace ce wannan?"